Aikin Ɗan Gaya, Sunan Ɗan Kotonu

Ɗakin da muke aiki yana saman shagon mahaifina, inda ake sayar da kayan babur, a bakin hanyar da ta miƙe zuwa gada. Ta taga kana hango jerin manyan motoci suna jiran duwan, wato 'yan kwastan, kana shaƙar warin albasa ko da ba kakarta ba ce. Mu biyu ne a ciki, ni da wani abokina da muka yi jami'a tare a Paraku. Shi mutumin Gaya ne. Kullum da safe yakan tsallako kogi a bayan ɗan babur, ya koma kafin magariba. Mutanen unguwa ba su wahalar da kansu wajen riƙe sunansa ba, ɗan Gaya suke ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Abin da muke yi a ɗakin, in ka tambayi mahaifina, zaman banza ne a ƙarƙashin fanka. In mu ka tambaya kuma, muna gyaran wata manhajar wiki ne, irin wadda jama'a ke rubuta shafuka tare, wannan ya rubuta wancan ya gyara. Manhajar ba ta da mai ita. Duk wanda ya iya yana da ikon buɗe cikinta, ya yi gyara, ya miƙa wa masu riƙe da ita, in sun ga ya yi su haɗa. Ba a biyan kowa. Abin da kake samu shi ne sunanka ya zauna a tarihin aikin, kusa da abin da hannunka ya rubuta.

A wurina sunan nan ado ne kawai, tunda ina da shagon uba a ƙarƙashin ƙafata. A wurin ɗan Gaya kuwa shi ne komai. Masu riƙe da manhajar sun sanar cewa za su ɗauki mutum ɗaya aiki na dindindin, ya zauna duk inda yake a duniya, ya kula da ɓangaren fulogin. Ba sa tambayar takardar makaranta, ba sa tambayar ɗan wane ne, tarihin aikin kaɗai suke dubawa. Shi kuma mahaifinsa, wanda falken albasa ne, ya riga ya yanke magana: in kaka ta zo zaman gaban na'urar nan bai zama aiki ba, sai ya zo ya karɓi buhuna. Ba mugunta ba ce. Gwiwoyin tsohon sun gaji da hawa bayan mota, kuma ɗan Gaya ne babban ɗansa.

Mun san manhajar ne ta hanyar wata ƙungiyar manoma a Madekali. Wasu masu proje, irin na ƙungiyoyin agaji, sun zo da farar mota sun saka musu ita, sun ɗauki hotuna, sun tafi. Bayan tafiyarsu aka rasa wanda zai iya canza ko da sunan shafin. Da muka duba sai muka ga dalili. In kana son ka canza harshe, ko ka ce wa zai iya rubutu wa ba zai iya ba, sai ka buɗe wani dogon fayil mai kama da rubutun aljanu, ka gyara da hannu, in ka kuskure wuri ɗaya shafin gaba ɗaya ya mutu. Waɗanda suka rubuta ta sun ɗauka duk duniya injiniyoyi ne, masu wutar da ba ta ɗaukewa, masu lokacin karanta bayani mai tsawon hanyar Kandi. Suna alfaharin manhajar ta kowa ce, alhali ba mai iya riƙe ta sai irinsu.

Sai muka raba aiki. Ni na ɗauki shafin saituna, wato wurin da mutum zai shiga ya latsa ya canza abin da yake so ba tare da ya taɓa fayil ɗin ba. Shi ya ɗauki wurin sarrafa fulogin. Fulogin ƙananan manhajoji ne da ake jona wa babbar don ta ƙara iya wani abu, kamar kalanda ko taswira ko jera hotuna. Kafin aikinsa, sai ka sauko da su da kanka, ka kwance, ka kwafa a inda ya dace, ka yi addu'a. Shi ya yi shafi guda da ke nuna maka su duka, ka latsa ya shiga, ka latsa ya tsaya, ka latsa ya sabunta. Wannan wani ma zai iya. Abin da ya bambanta nasa shi ne ya rubuta shi a garin da rezo, wato layin intanet, ke yankewa ba sallama. In saukowa ta katse a tsakiya, tana ci gaba daga inda ta tsaya. Ba ya yarda fulogin ya shiga rabi. In wani fulogin ya kayar da shafi, manhajar na kashe shi da kanta ta gaya maka wanne ne. Gwaji bai ba mu wahala ba, masu wuta sun yi mana shi kyauta kusan kowace rana.

Nawa aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma ni na riga shi gamawa. Na miƙa da hannuna. A dandalin tattaunawarsu na ga abin mamaki. Manyan mutane masu furfura suka yi makonni suna gardama ko maɓallin ajiyewa ya zauna a dama ko a hagu. Wani ya rubuta bayani mai tsawo kan cewa koren da na sa ya cika haske. Wani ya ce shi tun yana saurayi da hannu yake gyara fayil, bai ga amfanin lalata mutane da sauƙi ba. Daga ƙarshe babbarsu, wata mata da ban taɓa ganin fuskarta ba, ta rubuta mini: “Ya yi. An haɗa.” Ba gaisuwa, ba sannu da aiki, ba yaya gida. Na yini ina jin haushi, washegari na duba na ga sunana a tarihin, haushin ya wuce.

Da ɗan Gaya ya gama nasa, na tsaya a kansa.

“Tura mana,” na ce. “Mi kaka jira?”

“Ba ni turawa da hannuna,” ya ce, idonsa na kan allon. “Muna da mai masauki garin ga.”

Na ɗauka wasa yake yi, na yi dariya. Bai yi ba.

Wanda bai san kasuwarmu ba sai na yi masa bayani. Falken da ya tsallako kogi ba ya sayar da kayansa da kansa. Akwai gidan da yake sauka. Mai gidan shi ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa gaban duwan da jandarma, in rigima ta tashi shi ake nema. Abin gado ne. Gidan su ɗan Gaya tun kakansa a gidan wani Alhaji suke sauka, can bayan babbar kasuwa, kuma ba a canza mai masauki sai in an yi ɓatawar da duk kasuwa za ta ji. Ba ni da ja da wannan tsari a kan albasa. Da babu shi da baƙo bai kwana da dukiyarsa a garin nan ba. Amma tsarin albasa ne.

“Wagga ba albasa ba ta,” na ce masa.

“Kasuwa ta dai. Kasuwar mutane ta, ba su san ni ba. Kuma ɗan Alhaji na cikinsu.”

“Ni sun san ni da nit tura? To in mai gabatarwa kaka so, ga ni. Sunana ya shiga.”

“Kai abokina na,” ya ce. “Amma in na tsallake ɗan Alhaji na bi ta wurinka, tsoho ya ji, mi za ni ce mai?”

Mutum ne da ya karanta lissafi har malamai suna tsoronsa. Mutum ne da ya zauna ya hango hanyoyin da na'ura za ta iya faɗuwa ya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Ga shi zaune yana gaya mini manhajar da aka yi domin kowa ya shiga ba neman izini, shi sai an riƙe masa hannu. Na zage shi son raina a ranar, ya saurara, ya ce in na gama in miƙo masa shayi.

Ɗan Alhajin nan yana gabanmu a makaranta da aji kaɗan. Kotonu ya koma da zama, saboda haka ɗan Kotonu ake ce masa. Sana'arsa halartar taro. Daga wannan otal zuwa wancan, yana karɓar jaka da riga da katin ratayawa a wuya, kuma katunan nan ba ya zubarwa, a madubin motarsa yake rataye su. Duk hotonsa da ka gani yana riƙe da makirfo ne, bakinsa a buɗe. Ba jahili ba ne, kar in yi masa ƙarya, ya iya buɗe kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, ya gane inda aka dosa, sai dai zaman rubuta shi ne ba ya iyawa. Shigarsa cikin manhajar tamu kuwa, wani lokaci can baya ya gyara fassarar Faransanci ta wasu 'yan kalmomi, sunansa ya shiga. Tun daga ranar in yana magana sai ya ce “mu masu manhajar”.

An yi suna a gidan Alhaji, ɗan Kotonu ya zo gida. Ɗan Gaya ya zuba aikinsa duka a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ya haɗa da goro da buhun albasa daga wurin mahaifinsa. Na bi shi, ba don na yarda ba, don kar a yi abin a bayan idona. Muka tarar da mutumin a zaure cikin farar shadda, yana danna waya. Abokina ya durƙusa. Tazarar shekarunsu ba ta kai ta durƙuso ba, amma ya durƙusa.

“Yaya, ga ɗan aikin da nika yi,” ya ce. “Na kawo ma, ka shigar da shi inda ya kamata.”

Ɗan Kotonu ya karɓi kilen da yatsu biyu, ya jefa a aljihu.

“Bon, bon. Za ni dubawa. Ka san mutanen can ba su son aiki barkatai, sai an sa mai tsari. Amma kak ka damu, gida guda muke.”

“Sunanshi na bisa kowane gyara,” na ce daga tsaye. “Kak ka taɓa shi.”

Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi irin na masu taro. “Kai hal yanzu bakinka bai mutu ba? Ka gaishe da Baba.”

A hanyar komawa ɗan Gaya ya yi mini faɗa, wai na kunyata shi a gidan mutane.

Ba a jima ba aikin ya bayyana a dandalin. Na buɗe tarihin. Watannin da abokina ya yi yana hawa mataki-mataki, kowane mataki da sunansa da ranarsa, an dunƙule su sun zama curi ɗaya, da suna ɗaya a kai. Tsarin da aka ce za a sa ke nan. Ko harafi ɗaya na kod bai canza ba, na bi na duba. Mutanen nan da suka ba ni kalma huɗu, ga su suna zuba yabo. Mai ƙorafin kore ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Mai gyara fayil da hannu ma ya sauko ya ce wannan kam ya burge shi. Ɗan Kotonu ya amsa musu cikin tawali'u, ya yi dogon bayani kan yadda wahalar rezo a ƙasashenmu ta koya masa haƙuri, shi da ke zaune a ofis mai sanyi inda waya ba ta taɓa yankewa. A can ƙasa ya ƙara layi ɗaya, yana gode wa matasan arewa da suka taimaka da gwaji. Mu ne matasan arewa.

Ɗan Gaya ya karanta har ƙarshe, ya sake komawa sama ya karanta.

“Haka a ka yi,” ya ce daga baya. “Mai masauki shi ka saidawa da sunanshi. In an gama ya ba ka naka.”

A kasuwa gaskiya ne. Mai saye bai san falke ba, mai masauki ya sani, in ciniki ya faɗa a koma gida a ba mai kaya abinsa. Na ce masa wannan kayan ba a raba shi daga baya, sunan shi ne kayan, kuma an riga an sayar. Ya ce in yi haƙuri. Ya kira ɗan Kotonu sau ɗaya, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya kewaya ya kewaya, da ƙyar ya taɓo maganar. Aka ce masa sai an zo gida za a zauna. Ya ajiye waya yana cewa ai ka ji, za a zauna.

Ba a zauna ba. Albasar farko ta fara shigowa, kasuwa ta fara cika da jajayen buhuna. Sai ga sanarwa a dandalin cewa maganar aikin ta kusa kammala, kuma kowa ya san wanda ya cancanta.

Ranar na rubuta musu. Ban nemi izinin kowa ba, kuma har yau ban ga abin nadama a ciki ba. Na rubuta a fili inda duk mai shiga zai gani. Na ce aikin nan ba na wanda sunansa ke kai ba ne, na faɗi na wane ne, na ɗora musu tarihin asali da ke cikin na'urarmu, kowane gyara da ranarsa. Sai da na tura na gaya wa ɗan Gaya.

A nan dole in ba mutanen can haƙƙinsu. Ba su iya gaisuwa ba, suna ɓata mako kan launin maɓalli, amma ba ruwansu da ɗan wane ne kai. Babbar tasu ta amsa a ranar. Ta ce an dakatar da maganar ɗaukar aiki. Ta ce abin da na kawo yana da ƙarfi, amma ba za su yanke hukunci da bakin wani ba. Sai dai wanda na ambata ya rubuta da kansa. In ya ce aikinsa ne, za a mayar da sunansa a kai, kuma da shi za a yi maganar aikin. Layi ɗaya suke so daga gare shi.

Na tashi na taka rawa a tsakiyar ɗaki har mahaifina ya buga rufi da sanda daga ƙasa. Da na juyo, ɗan Gaya yana zaune kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya rufe na'urarsa ya tafi gida tun kafin la'asar, kuma ya yi kwanaki bai tsallako ba.

Cikin kwanakin nan magana ta zaga gari. Ban san ta inda ta fita ba, amma a garinmu Malanville magana ba ta buƙatar rezo. Mutanen da ba su san ko wiki ci ake yi ko shafawa ba, kowa na da ra'ayi. Mai shayin bakin tasha ya ce da ni, wai ni da baƙon Alhaji za mu tona ɗan Alhaji a gaban Turawa. 'Yan babur suna nuna ni da baki. Mahaifina ya daina yi mini magana a kan abinci. Ba wanda ya tambayi wa ya yi aikin, ko mutum ɗaya. Abin da ya dame su shi ne wa zai ji kunya, kuma ɗan wane ne. Ɗan Kotonu kuwa, jarumin makirfo, ya kashe wayarsa.

Na zauna ina jiran Alhaji ya aiko da barazana, ko ya kori mahaifin abokina daga gidansa. Har so nake ya yi, don da abin ya zo da sauƙi. Bai yi ba. Abin da ya faru shi ne, a makon nan aka riƙe motar farko ta mahaifin ɗan Gaya a bakin gada, kan wata takarda. Albasa ba ta jure zama cikin mota a rana. Alhaji, da ciwon ƙafarsa, ya hau bayan babur ya je da kansa, ya tsaya daga wannan ofis zuwa wancan har aka saki motar. Ya ɗauki tsohon ya kai shi gida, aka kawo masa tuwo, ya kwana a ɗakin da ya saba kwana. Bai ce masa uffan kan maganar ba. Har yau ban sani ba ko ya san da ita, kuma na fi zaton ko ya sani haka zai yi.

Bayan haka ɗan Gaya ya zo, da hantsi. Ya rame. Ya zauna a kujerarsa ya buɗe na'ura, ya shiga dandalin. Zuciyata ta yi fari, na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na zuba masa shayi na tsaya a bayansa.

Ya fara da gaisuwa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya rubuta cewa shi ne wanda aka ambata. Ya ce aikin na wanda sunansa ke kai ne. Ya ce shi taimako kawai ya yi da gwaji, shi ya sa aka ga tarihin a na'urarsa. Ya ce abokinsa mutumin kirki ne amma bai fahimci yadda abin yake ba, yana roƙon a yi masa uzuri.

Na riƙe masa hannu kafin ya latsa.

“Ka haukace? Ƙarya ta! Kai kay yi shi, ina zaune nan!”

“Na sani.”

“To mi? Layi guda sunka ce. Layi guda, ka huta da buhu hal abada.”

“In na rubuta shi,” ya ce a hankali, “tsoho ina za shi sauka? Ƙannena in sun taso, wane gida za su? Wa ka amsar ɗiyan wanda yat tona ɗan mai masaukinshi?”

“Shi ya cuce ka!”

“Shi yac cuce ni. Ubanshi bai cuce mu ba. Jiya da ƙahwa guda yat tsaya muna bakin gada.”

“To ni fa? Ka maishe ni maƙaryaci gaban duniya?”

Sai a nan ya juyo ya dube ni. “Kai kana da shago,” ya ce. “Sakam min hannu.”

Na sake shi. Ya latsa.

Na raina shi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na raina shi, na raina garin da ya koya masa haka, na raina kasuwar da mutum zai ba da watannin ransa a haɗa da goro a kai wa wani, kuma a ce masa ya kyauta. A cikin rainin kuma sai na koma bakin taga na juya masa baya don kar ya ga fuskata.

Amsa ba ta daɗe ba. Babbar tasu ta ce an gode, an rufe magana, za a ci gaba da ɗaukar aiki kamar yadda aka tsara. Mai ƙorafin kore ya ƙara da nasiha a gare ni, cewa a daina zargin mutane ba hujja. Ɗan Kotonu, wanda wayarsa ta farfaɗo nan take, ya rubuta cewa ya yafe mini, matasa ne, zafin kai ne.

Ɗan Gaya ya shanye shayinsa. Ya naɗe wayar na'ura a hankali, ya sa a jaka, ya ce gobe da asuba akwai lodi a Gaya, shi zai hau motar. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

“Ankwai wuri guda da ban gama ba,” ya ce. “In fulogin biyu kowane na bukatar ɗan'uwanshi, abin na ta kewayawa ba shi tsayawa. Ba su gani ba tukuna, amma za su gani. Ka hwaɗa ma ɗan Kotonu, kas su kama shi da ita.”

“Ni? Wallahi ko gawata ba ta hwaɗa mai.”

Bai yi gardama ba. Ya ciro wayarsa ya fara sauka. Matakalar tamu ta katako ce, ana jin komai daga sama. Na ji ya yi sallama, ya tambayi lafiya, ya tambayi iyali, ya yi murnar aikin da za a samu. Na ji ya faɗi sunan fayil ɗin, ya faɗi inda matsalar take, ya maimaita a hankali yadda wancan zai iya rubutawa. Aka yi shiru, ana magana daga can ɓangaren. Sai na ji muryarsa daga ƙasan matakala.

“A'a Yaya, ba komi. Ai ka sani. Tuni kawai nika yi ma.”